Sajan Francis da Inbatar da Ta Ƙi Magana

Abin nan ya faru ne a unguwarmu a nan Zuru, cikin bazara, ko bara ko bara waccan. Na tambayi jikata ta ce bara ne, amma daga baya na tuna ita ma ba ta gari a lokacin, saboda haka mu bar maganar shekara. Abin da na tabbata shi ne an yi zafi, mangwaro kuma ya nuna.

Sajan Francis maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Ya yi aikin soja a ɓangaren manyan bindigogi har ya yi ritaya. Ya dawo gida da lambobin yabo a ƙirji da kunnuwa biyu a ka, lambobin suna ƙyalli, kunnuwan kuwa igwa ta riga ta ɗebi rabonta. Shi dai bai yarda ba. A wurinsa mutanen zamani ne suka lalace, ba sa buɗe baki in za su yi magana. Kuma babu abin da bai sani ba a duniya. Ya taɓa nuna wa likita inda hanta take, ya kuma taɓa gyara wa fasto wa'azi daga bencin baya, wa'azin da ko rabinsa bai ji ba.

A makon da nake ba ku labari ana shirin auren 'yarsa Monica, za a ɗaura ranar Asabar a coci. Angon ɗan Ribah ne. Danginsa suka aiko da sa, ƙosasshe, irin wanda in ya wuce sai an juya an dube shi. Wajen sauke shi daga mota ya karye a ƙafa, dole aka yanka shi tun farkon mako. Saloma, matar Sajan, ta kwashe ƙanƙara da zoɓon da take sayarwa, ta shirya naman tsaf a cikin firizarta. Naman nan shi ne mutuncin gidan gaba ɗaya, domin baƙi za su zo daga Ribah da Kanya da Dirin Daji, kuma mutanenmu kan manta da huɗubar aure amma ba sa manta abin da suka tarar a kwano.

Firizar tana aiki ne da farantan sola da batura da wani baƙin akwati, inbata, wadda ɗansu Joel ya aiko daga inda yake aikin soja. Tun da aka kafa ta ba ta taɓa ba kowa kunya ba. Laifinta ɗaya, ba ta ƙara.

Wata safiya ina zaune ina neman tabarau na, wanda daga baya aka ce yana kan goshina, sai na ji murya ta saman katanga.

"Malam! Kai da ka koyar da kimiyya a sakandare, zo ka ga malalaciyar da Joel ya aiko mini."

Na zagaya. Na same shi tsaye gaban akwatin, hannu a baya, kamar mai duba fareti.

"Saurara," in ji shi.

Na saurara. "Ban ji komai ba, Sajan."

"Ni ma haka! Dubi Talle a tsallaken hanya. In ya tayar da injin niƙansa har kasuwa an san Talle na da inji. Ni surukai za su zo daga Ribah su shigo gidan Sajan su ji tsit kamar maƙabarta? A bariki duk wanda aka kira bai amsa ba, barci yake a bakin aiki."

Na ce masa ba barci take ba. Na shiga yi masa bayani yadda na saba yi wa ɗalibai. A cikin akwatin akwai naɗin waya, akwai kuma kondensa, wata 'yar aba mai tara wuta ta sake ta, wuta tana kai da komowa tsakaninsu kamar mata biyu masu lugude a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga wannan ta sauke. Tsawon lokacin da zuwa da dawowa ɗaya ke ɗauka, girman naɗin da girman kondensar ne ke yanke shi. Akwai lissafinsa, ina rubuta shi a allo shekara da shekaru, da biyu a gabansa da wata alama mai kama da rumfa, sauran ya tafi inda sunayen ɗalibaina suka tafi. Masu ƙera akwatin sun sa luguden ya yi saurin da kunnen ɗan Adam ba ya kama shi, kuma komai na ciki a kan wannan saurin aka auna shi.

"Wato," in ji Sajan, idonsa ya kawo haske, "in aka ƙara kondensa luguden zai rage gudu?"

"Zai rage."

"In ya rage gudu za a ji shi?"

"Za a ji, amma ƙarfen da ke cikin naɗin zai ɗauki zafi, wutar da ke zuwa firiza kuma..."

"Madalla! Abin da na faɗa ke nan tun farko. An sallame ka, Malam."

Kunnen Sajan na da wata baiwa, duk maganar da ta biyo bayan "amma" ba ta shiga.

Saloma tana bakin murhu, ta ɗago ludayi ta nuna shi. "Baban Monica, ka taɓa akwatin nan, ni da kai ne."

"Ka ji ko?" ya ce da ni. "Ita ma ta ce in gyara."

Abu na farko da ya yi shi ne ya sa wa firizar kwaɗo, ya rataya makullin a wuya. Ya ce mata ne ke sakin sanyi da yawan buɗe-buɗe, daga yau an hana fita har ranar biki. Ya kuma yi alkawarin in ya gama aikinsa naman zai daskare har sai an sa gatari. Saloma ta yi ta faɗa, amma ga ɗinki ga girki ga baƙi, ba ta da lokacin kokawa da tsohon soja a kan makulli.

Ya fara da wata 'yar ƙaramar kondensa da ya ciro daga tsohuwar rediyonsa. Ya aro ƙarfen narka dalma, ya liƙa ta, ya kunna, ya kafa kunne. Shiru.

Shiru a wurinmu ke nan. Karensa, wanda yake kira Kofur, ya miƙe daga inuwa, ya dubi akwatin, ya dubi maigidansa da wani irin kallo na wanda aka ci amanarsa, ya fice. Kafin azahar babu kare ko ɗaya a layinmu. An ce an gan su jere a gindin tsauni suna haushin iska.

"Ka gani?" in ji Sajan. "Dabba ta san girma. Tun ba ta buɗe baki ba an fara ba ta hanya."

Washegari ya farke tsohuwar talabijin, ya ƙara wasu biyu ko uku. A nan ne wata kondensa da ta kwana da wuta a cikinta ta gaishe shi a yatsa. Ya yi tsalle ya bugi kwandon tattasai, ya faɗi wata kalma da ba a faɗa a gidan da ake shirin zuwa coci. Da ya ga ina leƙe ta katanga sai ya gyara tsayuwa ya ce gwaji yake yi.

Ya kunna. Monica da ƙawayenta suna ɗaki ana yi mata kitso, sai ga su sun fito a guje, rabin kan amarya a tsefe, kowace ta toshe kunne.

"Baba, don Allah kashe! Wani abu na huda mini kai kamar allura!"

"Wane abu? Ni ban ji komai ba."

"Ai kai ko ƙararrawar coci ba ka ji!"

"Zumuɗin aure ne ke damunki. Uwarki ma ta yi haka."

"Ni ciwon kaina bayan auren ya fara," in ji Saloma daga kicin, "kuma har yau bai sauka ba."

Amarya da ƙawayenta suka kwashe kayan kitso suka koma gidan gwaggonta a wata unguwa. Ni kam a ranar ban ji komai ba, domin kunnen tsoho ba ya kama siririn sauti. Na dai ce masa, "Sajan, yara sun ji, karnuka sun ji. Ta yi magana, a bar ta haka."

"Yara da karnuka ne za su zo daga Ribah?"

Daga nan ya shiga gida-gida neman kondensar fanka. Ya fara da Rahmatu, mai tuyar awara a bakin layi, wadda bakinta ya fi kaskonta zafi. Ya ce aro ne na yini ɗaya, kuma duk wanda ya ba da tasa zai sha ƙanƙara kyauta har damina ta faɗi. Ta ba shi. Na ba shi tawa, ko kuma ya ɗauka ina neman abin da zan ce, ban tuna ba. Ya karɓi ta mai wa'azin cocinsu, ya karɓi ta tela. Fanka kuwa in an cire mata kondensa sai dai ta yi gurnani ta tsaya tana kallonka. Cikin bazarar Zuru, layi guda ya koma fifita da murfin kwano.

Da ya haɗa waɗannan, to, ni ma na ji. Wani kuka ne siriri mai naci, kamar sauro ya yi girman jaki ya sami gidan haya a cikin kunnenka. Awaki suka tsinke igiya. Kaji suka daina ƙwai, ko da yake wannan Rahmatu ce ta faɗa, kuma kajinta dama ba su cika ƙoƙari ba.

Ta shigo gidan da matsami a hannu, zani ɗaure a ƙugu.

"Sajan, wagga wace irin masifa ce? Ka amshe muna iska, ka ba mu kuka?"

"Ina kwana, Rahmatu. Lafiya lau."

"Ban gaishe ka ba! Na ce ina ƙanƙarar?"

"Tana tafe. Yanzu injin yana atisaye."

"Atisaye! Masu sayen awara sun gudu, sun ce kaskona ke ihu. Jikana ya kwana yana kuka, mun rasa wa ke bin wani tsakaninsa da akwatinka."

"Wane kuka wai kuke ta faɗa? Kun haɗa baki ne don ku hana ni. Haka aka yi wa duk masu ƙirƙira."

"Mi ka taɓa ƙirƙira ban da rigima?"

Wannan ma bai ji ba.

Saloma ta kai hannu kusa da akwatin ta janye da sauri. "Baban Monica, abin nan ya yi zafin da za a soya ƙwai a kansa. Firizar kuma tun jiya take shaƙuwa, ta tashi ta mutu, ta tashi ta mutu. Ga ruwa nan yana bin ƙasa."

"Gumi ne. Soja in yana aiki dole ya yi gumi."

"Ba ni makullin."

"Ba a buɗe rumbun makamai kafin ranar yaƙi."

Ta dube ni. Na ce, "Sajan, ruwan nan ja ne." Ya ce ragowar zoɓo ne.

Ranar Juma'a da rana dattawan ango suka iso a kan babura, domin su ga shiri su kwana kusa. Shugabansu Baba Markus ne, kawun ango, wani dogon manomi mai magana a hankali kamar yana ƙirga ƙwayar dawa. Tun daga bakin layi suka fara taɓa kunnuwa, ɗaya har ya sauka yana duba ko babur ɗinsa ne.

Sajan ya tarbe su cikin tsohon kakinsa, wanda maɓallan ciki suka daɗe da yin ritaya su ma. Ya sa an jera kujeru a tsakar gida suna fuskantar akwatin. Unguwa ta cika gidan, ba don ƙauna ba, kowa ya zo karɓar kondensarsa. A kan tebur ga wani abu kamar gwangwanin madara babba, da wayoyi biyu.

"Surukaina," in ji shi da muryar fareti, "a Ribah kuna da noma, ban hana ku ba. Amma yau za ku ga abin da ake kira ilimi. Turawan da suka ƙera akwatin nan sun bar shi bebe. Ni, Sajan Francis, zan buɗe masa baki."

"To, ai kamar yana magana tun ɗazu," in ji Baba Markus, ido a runtse.

"Na gode, za ka ji yanzu."

Sai ga Talle mai niƙa ya faɗo gidan, ko hular masallaci bai cire ba, bayansa mata riƙe da kwanonin jiƙaƙƙen gero da wake, cikinsu har da masu niƙan kunun bikin.

"Sajan! Ina masallaci ka buɗe mini inji ka cire kondensa?"

"Aro ne, Talle. Aikin ƙasa ne."

"Wace ƙasa? Ga niƙan bikin ɗiyarka nan zai yi tsami! Ba ni abina!"

"In an gama fareti."

Kafin Talle ya kai gare shi ya riga ya murɗa wayoyin. Na buɗe baki in ce wani abu, na san kuma muhimmi ne, amma kafin in kamo shi ya danna makunni.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kukan ya sauko daga sama ya zama gurnani, kamar an shaƙe bijimi a cikin tanki. Kwanon rufi ya ɗauki rawa. Kofunan da aka jera wa baƙi suka fara tafiya da kansu a kan tebur. Wani dattijo daga Kanya ya rungume kujerarsa yana kiran sunan Yesu, Talle yana salati, Rahmatu ta kife kwano a ka.

Fuskar Sajan kuwa ta washe kamar ta yaron da aka saya wa takalmi.

"Na ji! Na ji ta! Jama'a, kun ji?"

"Mun ji tun shekaranjiya!" unguwa ta amsa baki ɗaya.

Ya ƙame, ya buga ƙafa, ya sara wa akwatin. Akwatin ya karɓi gaisuwar. Ya yi wani tari, ya yi fat, ya tofo tartsatsi, sannan baƙin hayaƙi mai warin ƙonanniyar roba ya tashi ya rufe Sajan da lambobinsa. Gwangwanin Talle ya fashe ya tashi sama, ya sauka cikin kwanon wake. Firizar ta yi shaƙuwa ɗaya ta ƙarshe. Sai tsit.

Ban taɓa jin daɗin shiru irin na ranar ba. Mutane suka tsaya suna lallaɓa kunnuwansu kamar masu duba ko an bar musu wani abu.

Sajan ya fito daga hayaƙi, gira ɗaya babu. Ya yi gyaran murya. "Wannan shi ne harbin ban girma. A bariki sai babban baƙo ake yi wa."

"Mun gode," in ji Baba Markus. "To, tun da an yi mana harbi, a nuna mana sanmu mu gaisa."

Sajan ya fara bayanin cewa sanyin da ya tara zai iya yi wa baƙo lahani in an buɗe farat ɗaya. Saloma ta miƙe. Ta taka har gabansa, ta kama igiyar wuyansa ta cire ta saman kansa kamar mai kwance akuya, ta buɗe kwaɗon, ta ɗaga murfin.

Kujerun gaba suka koma baya ba tare da an ba da umarni ba. Rahmatu ta sauke kwanon daga ka ta rufe hanci da shi. Naman da aka ce sai an sa gatari yana iyo cikin ruwansa, ya yi wani launi da ban taɓa gani a jikin sa ba, mai rai ko matacce. Ƙudajen Zuru kaf, har da na mahauta, suka iso kamar an aika musu katin gayyata.

Baba Markus ya leƙa, ya daɗe yana kallo, ya mayar da murfin a hankali.

"Sajan, wanga sa ni na yi kiwonsa da hannuna. Da ya karye na yi baƙin ciki. Ashe karayar ce ƙaramar wahalarsa."

"Dabara ce ta soja, ana barin nama ya yi laushi..."

"Ya yi. Mu dai mun kawo sa, gobe kuma mutanenmu za su zo cin sa. Ban san ko a Zuru ilimi ake zubawa a kan shinkafa ba."

Monica, wadda ta dawo ɗaukar mayafi ta tarar da wannan, ta zauna a bakin ƙofa ta fashe da kuka. Abin ya wuce dariya. Sai Saloma ta goge hannu a zani, ta juya wajen Talle, ta yi magana ƙasa-ƙasa, yadda ni da nake kusa da ita ma da ƙyar na ji.

"Talle, taimaka ka kira mahauci. A je bayan gida a kwance bijimin nan da Baban Monica ya turke don noman bana."

"Wane bijimi?" Sajan ya daka tsawa daga can ƙarshen tsakar gida. "Nawa? Kada wanda ya taɓa shi!"

"Ikon Allah," in ji Rahmatu. "Kunne ya warke."

Aka kwance bijimin. Da asubar Asabar aka yanka shi, aka ɗora tukwane, Talle ya aro kondensa a wani wuri ya niƙa abin da bai riga ya yi tsami ba. Aka ɗaura aure, aka ci aka ƙoshi, mutanen Ribah suka ce ba su taɓa cin naman biki mai daɗin wannan ba. Fankokinmu kuwa sai da Joel ya zo hutu aka tashe su.

A wurin cin abinci an zaunar da ni kusa da Sajan. Bai taɓa naman ba, shinkafa kawai yake turawa gefe da gefe. Wani baƙo daga Dirin Daji, wanda bai san abin da aka yi ba, ya ce masa, "Ranka ya daɗe, naman nan kamar yau aka yanka."

Sajan ya ɗago, ya shafa inda girarsa take a da.

"Yau aka yanka mana. Ni ina da rai a ba baƙina naman firiza? Tun farkon mako nake faɗa da mutanen gidan nan a kan haka, da ƙyar na shawo kansu."